Ragowar Manhajojin da Aka Cire: Wace Hanya Ta Fi Dacewa a Soke Sunayensu Daga Jerin Tashin Kwamfuta?

Kawuna, wanda yake riƙe da rubuce-rubucen wata makarantar Islamiyya a unguwar Nima da ke Accra, ya sayi kwamfutar tafi-da-gidanka ta hannu a kasuwar Circle, irin waɗanda ake saukewa a tashar jiragen ruwa ta Tema bayan sun gama aiki a ofisoshin ƙasashen waje. Mai shagon ya cika masa ita da manhajoji kamar yadda aka saba, har da waɗanda bai roƙa ba, da ya iso gida kuma wani jikansa ya zauna ya cire duk abin da bai ga amfaninsa ba. Tun daga ranar, duk lokacin da Kawu ya kunna ta bayan sallar asuba sai wata ƙaramar taga ta fito a tsakiyar allo, an rubuta RunDLL a samanta, tana faɗa da Turanci cewa an nemi wani fayil ba a same shi ba. Yakan gyara tabarau, ya lalubo linzami, ya danna OK, tagar ta ɓace, sannan ya ci gaba da shigar da sunayen ɗalibai. Haka ya yi ta yi wajen wata huɗu. Da abin ya ishe shi ya kai ta wurin wani mai gyara, aka ce masa maganinta fomatin, wato a goge komai a zuba sabon Windows. Shi kuwa da ya ji an ambaci goge komai sai ya mayar da kwamfutarsa cikin jaka, ya hau motar haya ta trotro ya dawo gida, ya aika a kira ni.

Abin da ke damun kwamfutar ƙarami ne, kuma Kawu ya fi kowa cancantar ya gane shi, domin aikinsa ne na kullum. Malami yakan buɗe rajista da safe ya kira sunaye, kuma yaron da iyayensa suka tashi suka koma Ashaiman ko Kasoa za a ci gaba da kiransa har sai an sa alƙalami an soke sunansa. Windows ma tana da irin wannan rajista. Manhajar da ke son ta riƙa tashi tare da kwamfuta takan rubuta sunanta da adireshin fayil ɗinta a wani jeri, Windows kuma tana bin jerin ɗaya bayan ɗaya a duk lokacin da mai kwamfuta ya shiga asusunsa. Idan aka cire manhajar aka bar sunan, za a kira ta ba za ta amsa ba. Wani lokaci abin yakan wuce shiru, wani lokaci kuma sai gargaɗi ya fito, musamman idan wanda aka aika neman fayil ɗin yana nan da ransa, kamar RunDLL ko Windows Script Host, domin shi ne zai dawo ya ce bai ga kowa ba.

Dalilan da ke sa a bar irin wannan suna ba su da yawa. Shirin cire manhaja masu manhajar ne suke rubuta shi, Windows aika shi kawai take yi, kuma yawanci abin da aka rubuta ranar girkawa shi kaɗai yake sharewa, ya manta da abin da manhajar ta ƙara daga baya sa'ad da take sabunta kanta. Akwai kuma masu shiga foldar manhaja su goge ta da hannu suna tsammanin sun cire ta. Akwai wanda wuta ke ɗaukewa yana tsakiyar cirewa, batirin kwamfutar kuwa ya daɗe da mutuwa, abin da ba baƙo ba ne ga wanda ya ga zamanin dumsor, wato lokacin yawan ɗauke wuta a Ghana. Na huɗu ya fi yawa a unguwanninmu, inda filashi guda yake yawo daga shagon buga takardu zuwa makaranta zuwa ofis: manhajar rigakafi ta kama ƙwayar cutar da ke mayar da foldoji gajerun hanyoyi, ta goge fayil ɗinta, amma ta bar umarnin da ke tayar da ita. An kashe maciji ba a sare kansa ba, sai dai a nan kan ba ya sara, surutu kawai yake yi.

Kafin a zaɓi hanya, ya kamata mutum ya san abin da zai samu, don kada ya yi tsammanin abin da babu. Sunan da fayil ɗinsa ya ɓace ba ya cin ƙarfin kwamfuta, tunda babu abin da zai tashi. Windows ta nema, ta rasa, ta wuce cikin ƙiftawar ido. Share shi yana kawar da tagar gargaɗi, yana kuma tsabtace jerin ta yadda idan baƙon abu ya shigo gobe za a gan shi. Wanda kwamfutarsa ke ɗaukar minti uku kafin ta tashi, matsalarsa tana wani wuri dabam, kuma duk wanda ya karɓi kuɗinsa da alƙawarin cewa share ragowar sunaye zai sa ta gudu bai gaya masa gaskiya ba.

Abin da ke sa hanyoyin suka bambanta shi ne jerin ba guda ɗaya ba ne. Akwai layukan da ke cikin rumbun saituna na Windows wanda ake kira Registry, da Hausa rajista ke nan, a ƙarƙashin wani sashe mai suna Run. Akwai foldar Startup, inda ake ajiye gajerun hanyoyi. Akwai jadawalin ayyuka, Task Scheduler, wanda ke tayar da abu a lokacin da aka ƙayyade masa ko kuma da zarar an shiga asusu. Akwai kuma hidimomin bayan fage da direbobin kayan aiki, waɗanda suke tashi tun kafin mutum ya rubuta kalmar sirrinsa. Kowace hanya da zan ambata tana ganin wasu daga cikin waɗannan wurare ne, guda ɗaya ce kawai take ganinsu duka.

Hanyar da ta fi kusa da hannu ita ce Task Manager. Ana buɗe shi da danna Ctrl da Shift da Esc tare, a shiga sashen Startup, wanda aka fara sa masa a Windows 8 a shekarar 2012. Tun daga 2018 ana samun kusan wannan jerin a cikin Settings, ƙarƙashin Apps. Masu Windows 7, wadda Microsoft ta daina kula da ita ranar 14 ga Janairu 2020 amma har yau tana aiki a wasu shagunan buga takardu, su nasu jerin yana cikin wani shiri na Windows mai suna msconfig. Alherin Task Manager shi ne ba a sauke komai, ba a kashe data, kuma da wuya mutum ya ɓata wani abu da shi, domin maɓallin da yake bayarwa na dakatarwa ne, Disable, wanda ake iya mayarwa a kowane lokaci. Windows tana rubuta wannan dakatarwa a wani sashe dabam mai suna StartupApproved, asalin layin kuwa yana nan inda yake ba a taɓa shi ba.

Ragowar manhaja tana da alamomi a wannan jeri. Sau da yawa ba ta da tambari, wurin sunan kamfani fayau yake, kuma idan aka danna ta da maɓallin dama za a ga umarnin buɗe wurin fayil ya dusashe ba ya dannuwa. Wani lokaci sunanta yakan zama Program kawai, abin da ke tsorata mutane su ɗauka ƙwayar cuta ce; yawanci guntun farkon adireshin C:\Program Files ne Windows ta nuna da ta kasa gano fayil ɗin. Dabarar da mutane da yawa ba su sani ba ita ce a danna kan layin taken jerin da maɓallin dama a ƙara ginshiƙin Command line, nan take cikakken adireshin zai bayyana, a gane ko ta wace manhaja ce. A nan ma ake ganin ma'aunin nauyin kowace manhaja a kan tashin kwamfuta: wadda ta ci fiye da daƙiƙa 1 na masarrafa ko fiye da megabait 3 na karatun faifai ana rubuta mata High, ragowar da babu fayil ɗinta kuwa ba a ma auna ta.

Rauninsa biyu ne, kuma manya ne. Ba ya gogewa, don haka sunan zai zauna a jerin har abada da alamar an dakatar da shi. Sannan ba ya ganin jadawalin ayyuka ko direbobi, hidimomin bayan fage kuma suna wani sashe nasa dabam inda ba a goge su. A kwamfutar Kawu na tarar da Program guda biyu, na dakatar da su, muka sake kunnawa, sai ga tagar RunDLL ta fito kamar ba a yi komai ba. Kawu ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Ɗana, ko dai mai gyaran nan ya fi ka gaskiya?" Na ce, "Kawu, ka ba ni minti goma, ba a nan take ɓoye ba." Ga wanda ragowarsa ba ta surutu, kuma ganin sunan bai dame shi ba, Task Manager ya wadatar, ba na ganin dalilin da zai sa ya wuce nan.

Foldar Startup ba ta buƙatar dogon bayani. A danna maɓallin Windows da R, a rubuta shell:startup don ganin ta mai asusun, ko shell:common startup don ganin ta kowa da kowa. Abin da ke ciki gajerun hanyoyi ne, kuma wadda manhajarta ta tafi ana goge ta kamar kowane fayil, ta faɗa kwandon shara inda za a iya ɗauko ta idan an yi kuskure. Babu hanyar da ta fi wannan aminci, sai dai manhajojin yanzu kaɗan ne suke amfani da foldar, don haka sau da yawa za a leƙa a tarar babu komai.

Shiga rajista da hannu, ta hanyar rubuta regedit, ita ce hanyar da masu gyara suke alfahari da ita, kuma tana da inda ta fi sauran. Ba a sauke komai, tana aiki ko babu intanet, kuma mutum yana ganin ainihin layin da idonsa. Wuraren dubawa uku ne. Na mai asusun shi ne HKEY_CURRENT_USER\Software\Microsoft\Windows\CurrentVersion\Run. Na kwamfutar gaba ɗaya irin wannan adireshin ne, amma yana farawa da HKEY_LOCAL_MACHINE. Na ukun shi ake yawan mantawa, wato HKEY_LOCAL_MACHINE\SOFTWARE\WOW6432Node\Microsoft\Windows\CurrentVersion\Run, inda manhajoji masu bit 32 suke rubuta sunayensu a Windows mai bit 64. Mutum zai duba biyun farko ya rantse babu komai, alhali abin yana na uku. Tun daga 2017 regedit yana da layin adireshi a sama, don haka ana iya liƙa adireshin a danna Enter maimakon buɗe rassa ɗaya bayan ɗaya. Kowane layi yana da suna da adireshin fayil, kuma ƙa'idar ita ce a bi adireshin a tabbatar fayil ɗin ba ya nan kafin a taɓa layin.

Haɗarinta shi ne regedit ba shi da kwandon shara, ba shi da komawa baya, kuma abin da aka goge ya tafi nan take ba sai an adana ba. Kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya zaɓi sashen Run ɗin kansa a ɓangaren hagu maimakon layi guda a ɓangaren dama, ya danna gogewa, ya kwashe na kirki da na banza gaba ɗaya, har da abin da ke tayar da saitunan sauti ko na faifan yatsa. Garin gyaran gira ke nan a rasa ido. Rigakafin ba ya ɗaukar minti guda: a danna sashen da maɓallin dama, a zaɓi Export, a ajiye fayil ɗin .reg a wuri sananne, idan an yi ɓarna a danna shi sau biyu layukan su dawo. Ya kamata kuma a kafa madogarar komawa ta System Restore, tare da lura cewa a kwamfutoci da yawa masu Windows 10 wannan kariya a kashe take zuwa, sai an kunna ta. Duk da wannan wahala, sashen Run bai ƙunshi jadawalin ayyuka ba. Wanda ya zaɓi hanyar hannu dole ya buɗe taskschd.msc dabam ya bi ayyukan ɗaya bayan ɗaya yana duba abin da kowanne ke tayarwa, ya kuma buɗe services.msc, wanda ke dakatar da hidima amma ba ya goge ta sai an koma ga umarnin sc delete. Ƙofa huɗu ke nan don aiki guda.

Wannan ne ya sa nake fifita Autoruns. Ƙaramar manhaja ce ta kyauta daga tarin Sysinternals, wanda Mark Russinovich da Bryce Cogswell suka fara a 1996, Microsoft ta saye shi a 2006, kuma daga shafin Microsoft ake sauke ta har yau. 'Yan megabait kaɗan ce, ba a girka ta, daga filashi ma tana tashi, wanda ke nufin ita kanta ba za ta bar sunanta a jerin tashi ba. Idan aka buɗe ta da izinin mai gudanarwa takan tattaro dukkan wuraren da na ambata, har da waɗanda ban ambata ba, ta jera su a taga guda, kowane rukuni da sashensa: Logon, Scheduled Tasks, Services, Drivers da sauransu. Abin da ya fi amfani ga aikinmu shi ne launi. Layin da fayil ɗinsa ya ɓace takan shafa masa rawaya ta rubuta cewa ba a sami fayil ba, wanda kuma ba a tabbatar da sa hannun kamfaninsa ba takan ba shi launin ja-ja. Abin da mutum zai ɓata rabin sa'a yana nema a regedit, a nan ido ne kawai zai gangara ya tsaya a kan rawaya.

Haka aka yi a kwamfutar Kawu. Sashen Logon bai nuna komai ba sai waɗancan Program biyu. Da na koma Scheduled Tasks sai ga layi rawaya guda, yana nuni zuwa wani fayil mai ƙarshen .dll a cikin foldar AppData, sunansa daidai da wanda tagar ke kuka da shi kowace asuba. Ragowar wata manhajar tallace-tallace ce da ta shigo a bayan wata manhajar sauke bidiyo. Ban goge shi ba. Na cire alamar da ke cikin ƙaramin akwatin gefensa, muka sake kunna kwamfutar, ta tashi shiru. A nan Autoruns ta haɗa alherin Task Manager da na regedit, domin cire alama dakatarwa ce da ake mayarwa da danna guda, gogewa kuma tana nan ga wanda ya tabbatar. Tana kuma da umarnin da ke kai mutum kai tsaye wurin layin a rajista ko a jadawali, tana iya adana hoton jerin a fayil don a kwatanta da na gaba, kuma tana iya tambayar VirusTotal, shafin da ke binciken ƙwayoyin cuta a fayiloli, game da fayilolin da ake shakka.

Amma fa Autoruns wuƙa ce mai kaifi, kuma ba kowace rawaya ce shara ba. Jerin da take nunawa da farko yana iya kai ɗaruruwan layuka, abin da ke ruɗa wanda bai saba ba, don haka matakin farko shi ne a shiga Options a ɓoye layukan Microsoft da na Windows, a bar na sauran kamfanoni kawai. A sashen KnownDLLs na Windows mai bit 64 akan ga wasu layuka rawaya, irin su wow64cpu da wowarmhw, waɗanda na Windows ne kuma ba a taɓa su. Sashen Drivers shi ma ba wurin gwaji ba ne, domin direban da aka cire bisa kuskure yana iya hana kwamfuta tashi gaba ɗaya. Ni kaina na taɓa ɗebo da zafi: na ga layi rawaya a kwamfutata ta gida, na goge shi ba tare da karanta adireshin ba, ashe na manhajar da ke kwafe mini takardu ce, wadda na girka a faifan waje, kuma ranar faifan ba ya jone. Sai bayan makonni da na nemi kwafin wata takarda na gane cewa tun ranar ba a kwafe komai ba. Tun daga nan ba na goge layi sai na karanta harafin faifan da yake nuni gare shi, kuma sai ya yi mako guda a dakatarwa.

Sai manhajojin tsabtace kwamfuta, waɗanda kusan kowace kwamfutar da aka saya a kasuwa take zuwa da ɗaya daga cikinsu. A yi musu adalci: CCleaner, wadda ta fi suna, tana da sashen da ke nuna masu tashi da kwamfuta har da jadawalin ayyuka, tana dakatarwa tana gogewa, kuma fuskarta ta fi ta Autoruns sauƙin fahimta. Damuwata tana ga ɗaya maɓallin, mai alƙawarin gyara rajista gaba ɗaya da danna guda. Yakan fito da ɗaruruwan abin da ya kira kurakurai, mai kwamfuta ya ji daɗi ya share duka, alhali bai karanta ko guda ba, kuma mafi yawansu ba sa cutar da komai. Microsoft ta bayyana a fili cewa ba ta goyon bayan amfani da manhajojin share rajista, kuma ba ta ɗauki alhakin abin da suka ɓata ba. Akwai kuma batun amana, domin manhajar da aka ba izinin taɓa ko'ina a kwamfuta, idan aka gurɓata ta, ɓarnarta ma ko'ina take kaiwa: a watan Satumba na 2017 aka gano cewa masu kutse sun cusa muguwar manhaja a cikin CCleaner 5.33, wadda ta kai ga kwamfutoci kimanin miliyan 2.27 kafin a gyara. Idan hakan ya faru da wadda aka sauke daga asalin kamfani, to ina ga kwafin da aka fasa makullinsa, wanda ke yawo a filashin kasuwa? Mafi yawan irin waɗannan manhajoji kuma su kansu suna rubuta sunansu a jerin tashi, su riƙa fito da tallar sigar kuɗi.

Revo Uninstaller da ire-irenta wani aji ne dabam, kuma amfaninsu yana gaban matsalar. Idan da ita aka cire manhaja tun farko, takan bar shirin cirewa na asali ya gama, sannan ta bi sawu ta nuna fayiloli da layukan rajistar da suka rage, mutum ya duba ya share. Ga mai yawan gwada manhajoji, wannan ɗabi'a ce mai kyau. Ga wanda manhajarsa ta riga ta tafi wata huɗu da suka wuce kamar Kawu, taimakonta kaɗan ne.

Akwai wata tsohuwar dabara da ba ta buƙatar ilimin komai: a sake girka manhajar, sannan a cire ta ta hanyar da ta dace daga Settings. Tana aiki sosai idan goge folda da hannu ko ɗaukewar wuta ne ya jawo matsalar, amma tana cin data, kuma ba ta da ma'ana idan abin da aka rabu da shi manhajar talla ce ko ƙwayar cuta. Manhajojin rigakafi su kuma hukuncinsu dabam ne, saboda suna dasa direbobi da hidimomi masu kare kansu daga gogewa. Kamfanoninsu sun san haka, shi ya sa McAfee da Norton da Avast kowanne yake da nasa shirin cirewa na musamman a shafinsa, kuma shi ya kamata a yi amfani da shi maimakon kokawa da direbobinsu a Autoruns.

Fomatin, wanda aka gaya wa Kawu, yana magance matsalar babu shakka, kamar yadda rushe ɗaki yake magance ɓera. Yana da muhallinsa: kwamfutar da aka saya ta hannu ba a san abin da mai ita na farko ko mai shago ya zuba mata ba, gara a zuba mata sabon Windows ranar farko, kafin a ajiye komai a ciki. Bayan an tara sunayen ɗalibai na zango biyu da lissafin kuɗin makaranta, goge komai saboda layi guda ya yi tsada, ga kuma yiwuwar a dawo da ita cike da manhajojin da suka jawo abin tun farko.

Idan aka ce in zaɓa wa mutum, sai in fara tambayarsa abin da yake gani. Wanda ya ga suna mara tambari a Task Manager kuma babu tagar da ke damunsa, ya dakatar da shi ya ci gaba da harkarsa. Wanda taga ke fito masa a kowane tashi, ya rubuta sunan fayil ɗin da tagar ta ambata a takarda, ya sauke Autoruns daga shafin Microsoft, ya nemi wannan sunan a akwatin tacewa da ke sama, ya cire alama, ya sake kunnawa ya gani. Ya tsaya a sassan Logon da Scheduled Tasks, sauran ya bar wa masu sana'ar. Regedit na bar wa wanda ya riga ya san ainihin layin da yake nema, ko wanda ke gyara a inda babu intanet kuma bai riƙe Autoruns a filashi ba. Kwamfutar ofis ko ta jami'a da wani sashe ke kula da ita kuwa, ba a taɓa mata ko ɗaya daga cikin waɗannan sai da izininsu, domin wasu layukan da suke kama da ragowa suna nuni ne ga fayilolin da ke kan sadarwar ofis, waɗanda ba a gani daga gida.

Bayan mako guda na koma Nima na goge layin daga jadawali, na kuma cire waɗancan Program biyu daga rajista bayan na ajiye kwafin sashen. Kawu ya ce tagar ba ta sake fitowa ba, sai dai har yanzu hannunsa yakan kai ga linzami yana jiran ta, kuma kwamfutar ba ta ƙara sauri ko kaɗan ba. Na buɗe sashen Performance na nuna masa dalili: tsohon faifai ne mai juyawa, yana cike da aiki ɗari bisa ɗari na mintuna bayan tashi, ga ƙwaƙwalwar aiki gigabait 4 kacal. Na rubuta masa girman faifan SSD, wato faifai mara juyawa mai sauri, da zai dace da ita, inci 2.5 mai mahaɗin SATA, a bayan wata takardar rasit, ya ninke ta ya sa a aljihun gaba ya ce sai ƙarshen wata idan iyaye sun biya kuɗin makaranta.